Majami'ar Baftis ta Farko a Ikko da Mutanen da Suka Riƙe Ta

A tsibirin Ikko, wanda mutanen yanzu suka fi kira Legas, akwai wani tsohon titi da ake ce masa Broad, wanda bankuna da ofisoshin manyan kamfanoni suka cika hagu da dama, har ya zamana mai wucewa cikin hanzarin neman abinci ba lalle ne ya lura ba cewa a tsakanin waɗannan dogayen benaye akwai wata majami'a wadda jama'arta suka fara taruwa tun ba a haɗa Kudu da Arewa ba, bal ma tun kafin Ingila ta karɓi mulkin garin a 1861. Ita ce Majami'ar Baftis ta Farko. Abin da ya sa na ga ya dace a ba masu karatun Hausa labarinta, Musulminsu da Kiristansu, shi ne cewa an saba ba da tarihin 'yan mishan ta hanyar lissafa sunayen Turawa, wane ya zo, wane ya gina, wane ya koma, alhali kuwa wanda ya bi al'amarin wannan ikkilisiya a tsanake zai tarar cewa ranta ya rataya ne, a lokacin da ya fi tsanani, a wuyan wata gwauruwa, da wani kafinta, da wani saurayi ɗan gudun hijira.

Sai dai ba za a fahimci wannan labari ba sai an san ginshiƙai biyu da ɗarikar Baftis ta tsaya a kansu, waɗanda suka bambanta ta da Katolika da Angilika. Na farko, su a wurinsu ba a yi wa jariri baftisma, domin suna ganin imani al'amari ne na mai hankali wanda ya san abin da yake furtawa, ba abin da iyaye za su ɗaukar wa ɗa ba. Ranar baftisma fasto yakan shiga ruwa da tufafinsa, ko a rafi ko a wani kwarmi da aka gina cikin majami'a, har ruwan ya kai masa ƙugu. A miƙo masa mai tuba, ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya ba da gaskiya, in ya amsa da bakinsa sai ya tallafi ƙeyarsa, ya kwantar da shi ta baya har ruwa ya rufe shi ɗungurungum, sa'an nan ya ɗago shi, mutane na tsaye a gefe suna waƙa. Ginshiƙi na biyu, wanda shi ne zuciyar labarinmu, shi ne cewa kowace ikkilisiya mai cin gashin kanta ce: babu bishop a samanta, babu wata majalisa ta nesa da za ta naɗa mata limami ko ta tuɓe shi. Jama'ar da ke zaune a kan bencin su ne masu kiran fasto, su ke yanka masa albashi, su ke sallamarsa, kuma duk mas'alar da ta taso a taron ikkilisiya ake warware ta, kowa ya faɗi ra'ayinsa, a ɗaga hannu, a bi rinjaye.

Wannan aƙida ta samo asali ne daga wasu Ingilishi da suka yi hijira zuwa Amsterdam ta ƙasar Holan saboda tsanantawar da ake yi musu a gida, inda John Smyth ya kafa ikkilisiyarsu ta farko a 1609. Abokinsa Thomas Helwys ya komo Landan wajen 1612, ya wallafa littafi, ya aika wa Sarki James na Ɗaya, yana kafa hujja cewa sarki ba shi da iko a kan ruhin talakawansa, kuma bai halatta a hukunta mutum saboda addininsa ba, ko Bayahude ne ko Musulmi. Sakamakon da ya samu shi ne kurkuku, a can kuma ya cika.

Amma waɗanda suka kawo ɗarikar ƙasarmu ba daga Ingila suka zo ba. Daga kudancin Amurka suka taso, ƙarƙashin Babban Taron Baftis na Kudu, wanda aka kafa a 1845 a garin Augusta na jihar Jojiya, bayan da 'yan'uwansu na arewacin ƙasar suka ƙi yarda a aika mai mallakar bayi aikin bishara. Wannan tabo ne da bai kamata mai tarihi ya rufe ba, tun da su kansu sun fito sun nemi gafara a kansa a 1995, kuma inuwarsa ta biyo 'yan mishan har gaɓar tekunmu. Na farkonsu shi ne Thomas Jefferson Bowen, tsohon soja da ya yi yaƙi a Texas kafin ya ajiye takobi ya ɗauki wa'azi. Ya sauka Badagiri ranar 5 ga Agusta 1850, shi kaɗai, abokin tafiyarsa ya riga ya rasu a Laberiya. Yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa suka tsare shi a Abekuta fiye da shekara, inda ya duƙufa koyon harshen har ya kai ga rubuta nahawu da ƙamus ɗinsa, waɗanda aka buga a 1858, inda kuma ya ga harin da Sarkin Dahomey Gezo ya kawo wa garin a watan Maris na 1851, ya taimaki Egbawa, mutanen garin, da abin da ya sani na dabarun yaƙi. Daga nan ya zauna a Ijaye da izinin Kurunmi, jarumin da ke mulkinta, sa'an nan ya ƙara gaba zuwa Ogbomosho a 1855.

Haƙiƙa ba bakin teku Bowen ya zo nema ba. Ransa yana can cikin ƙasa, a ƙetaren Kwara, wajen manyan biranen da ya ji labarinsu, saboda haka a wannan shekara ta 1855 ya tafi Ilori, wadda ita ce ƙofar daular Usmaniyya ta wajen kudu, ya nemi a ba shi wurin zama. Sarki Shitta ya karɓe shi baƙo, amma bai ba shi izinin kafa mishan ba, wanda kuwa ya san matsayin Ilori a lokacin, gari mai malamai da alƙalai wanda ke biyayya ga Gwandu, ba zai yi mamakin wannan hukunci ba. Bowen ya koma gida a 1856 jiki ya raunana, bai sake ganin Afirka ba.

Ita Ikko, a lissafin 'yan mishan, zango ce kawai ta sauke kaya da karɓar wasiƙu. Wanda aka ɗora a kan wannan zango a 1855 shi ne Joseph Harden, baƙar fatan Amurka wanda ya yi aiki a Laberiya kafin nan, kuma shi ya fara tara mutane sujada, ya buɗe 'yar makarantar da Kwalejin Baftis ta Legas ke danganta asalinta gare ta. Ya auri Sarah Marsh, 'yar Saro, watau zuriyar Yarabawan nan da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, aka sauke su a Saliyo, daga bisani suka komo ƙasar kakanninsu. A wannan zamani ne kuma wani kafinta, James Churchill Vaughan, ɗan wani 'yantaccen bawa daga Carolina ta Kudu, ya biyo 'yan mishan zuwa ƙasar Yarabawa yana yi musu aikin gini.

Ba a daɗe ba musibu suka yi ta zuwa, wata na bin wata. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Badun da Ijaye a 1860, aka yi wa Ijaye ƙawanya har yunwa ta ci mutane, iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu gidan mishan don su sami abin sawa a baka, kuma da garin ya faɗi a 1862 aka kwashe yaran zuwa Abekuta. A daidai wannan lokaci yaƙin basasa ya kama a Amurka, daga 1861 zuwa 1865, kudancin ƙasar ya talauce, kuɗin da ake aikowa ya yanke. Harden ya rasu a 1864. A 1867 mutanen Abekuta, saboda fushin da suke yi da Gwamnan Ikko, suka kori dukan Turawan mishan daga garinsu, suka rushe gidajensu, yaran nan suka sake yin hijira ta biyu zuwa Ikko. A 1869 rashin lafiya ya tilasta wa na ƙarshensu, R. H. Stone, komawa gida. Shekara shida cur ba a sake ganin ɗan mishan na Baftis a ƙasar ba.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata, domin waɗannan shekaru shida, da littattafai kan tsallake da layi biyu, su ne a ganina asalin ikkilisiyar na haƙiƙa. A bisa al'ada, jama'a ƙanƙanuwa irin wannan, wadda ba ta da naɗaɗɗen limami, ba ta da baitulmali, kuma ga manyan majami'un Angilika da Methodist a kusa masu makarantu da alfarma suna maraba da duk wanda ya zo, abin da ake zato shi ne ta watse, kowa ya kama gabansa ba tare da wani ya zarge shi ba. Amma Sarah Harden, wadda mijinta ya bari da maraya, ta tattara yaran Ijaye ta riƙe su, ta kuma tsaya a kan cewa ba za a daina taruwa ranar Lahadi ba. Vaughan, wanda ya rasa abin hannunsa a Ijaye da Abekuta, ya sake farawa daga tushe a Ikko har ya zama attajirin kayan gini, ya riƙa ɗaukar nauyin abin da ya taso. Wani saurayi kuma daga cikin yaran da aka goya a gidan mishan, Moses Ladejo, mutumin Ogbomosho wanda ya ɗauki sunan maigidansa Stone, shi ya riƙa tsayawa yana karanta Littafi Mai Tsarki yana wa'azi da Yarabanci. Sun riƙe abin ne kamar yadda uwargida kan binne garwashi cikin toka da dare don kada gari ya waye babu wuta. Babu wanda ya umarce su, babu wanda ya biya su, kuma a cikin wannan hali suka koyi wani darasi da ba a mantawa, watau cewa ikkilisiyar tasu ce.

A 1875 mishan ta dawo da mutum biyu, W. J. David, Bature daga Mississippi, da W. W. Colley, baƙar fata daga Virginia, suka tarar da jama'a a raye, ba a Ikko kaɗai ba, har da wata 'yar ƙungiya a Ogbomosho. Aka sake tsara ikkilisiyar Ikko a farkon 1876, aka naɗa Moses Ladejo Stone fasto a 1880. Colley bai daɗe ba ya koma Amurka, inda ya jagoranci kafa ƙungiyar mishan ta baƙaƙen fata a Montgomery a 1880. Adalci ya wajabta a faɗi alherin David: mutum ne mai himma da juriya, ya rasa matarsa a cikin wannan hidima, shi ya ɗaga makarantar ta kai matsayin sakandare, shi ya tsaya aka gina babbar majami'ar tubali mai hasumiya wajen 1887. Stone kuwa ya shahara da fasaha da balaga, har mutanen wasu ɗariku sukan zo sauraronsa.

To, amma zamani ya juya. Turawan da suka zo a tsakiyar ƙarnin, waɗanda zazzaɓi ke kashewa tun ba su gama koyon gaisuwa ba, sun san ba su da makawa sai sun dogara ga 'yan ƙasa. Na bayansu kuwa sun zo da kwinin a aljihu, sun zo a zamanin taron Berlin na 1884 da 1885 inda aka tsara rabon Afirka, sun kuma zo da wani ra'ayi mai muni cewa baƙin mutum bai isa shugabanci ba. A cikin wannan iska ce saɓani ya shiga tsakanin David da Stone. Zahirinsa maganar albashi ce: Stone ya nemi ƙari aka hana shi, ya shiga ɗan ciniki don ya ciyar da iyalinsa aka nuna rashin yarda, ya miƙa takardar ajiye aiki, David kuwa ya karɓa nan take ba tare da ya kai maganar gaban taron ikkilisiya ba. Jama'a suka nemi bayani, suka tarar shi David yana kallon Stone a matsayin ma'aikacin mishan, wanda mai biyansa ke da ikon sallama, su kuwa suna kallonsa a matsayin limaminsu. A watan Maris na 1888 mafi yawansu suka tashi suka bar sabon ginin da suka sa hannu aka gina, suka kafa Ikkilisiyar Baftis ta 'Yan Ƙasa, wadda daga baya aka sa wa suna Ebenezer. Vaughan yana cikinsu, haka ɗan Sarah, Samuel Harden, haka wani malamin makaranta mai kaifin alƙalami, David Brown Vincent.

Ni dai a nawa nazarin, gaskiya tana wajen waɗanda suka fita, kuma hujjarsu ba daga waje suka aro ta ba. Ba su zo da bidi'a ba, ba su sauya ko harafi ɗaya na aƙida ba; abin da aka karantar da su tun suna yara, cewa jama'a ita ce mai naɗawa da tuɓewa, shi suka riƙe wa malaminsu a ranar da ya ga ya fi masa sauƙi ya manta da shi. Ana iya cewa tun da kuɗin daga Amurka yake zuwa, wakilin mishan yana da ta cewa, kuma wannan magana ba wofi ba ce, domin duk jama'ar da wani ke ciyar da limaminta 'yancinta ragagge ne. Amma amsar da suka bayar ita ce mafi nauyin amsa: suka ɗauki nauyin fastonsu da aljihunsu. Mutanen da suka riƙe sujada shekara shida ba da taimakon kowa ba, ba za a tsorata su da janye albashi ba.

Masu tarihi da yawa suna lissafa wannan a matsayin ikkilisiya ta farko mai zaman kanta ta 'yan Afirka a Nijeriya, kuma ba a jima ba wasu suka bi sawu. Bayan wulaƙancin da matasan Turawan Angilika suka yi wa dattijo Bishop Samuel Ajayi Crowther a 1890, aka kafa wata a Ikko a 1891, wata kuma ta ɓalle daga majami'ar Angilika ta Breadfruit a 1901. Shi Vincent ya yar da sunan Turanci a 1894 ya koma Mojola Agbebi, ya ajiye kwat ya sa babbar riga, ya yi ta kira a yi waƙoƙin sujada da muryoyin gida, ya kai wa'azi har Buguma a bakin Neja, kuma a taron jinsunan duniya da aka yi a Landan a 1911 ya yi magana a kan Musulunci da insafin da ba a saba ji ba daga bakin mai bishara a wancan zamani. Zuriyar Vaughan ma ba su bar fagen ba, domin jikansa likita, mai sunansa, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matasan Legas a 1934, wadda ta share fagen siyasar neman mulkin kai.

Kada a ɗauka cewa waɗanda suka fita sun zauna lafiya ƙalau. Tsarin da ya ba kowace jama'a ikon kanta yana da nasa aibi, shi ne saurin rabuwa, domin babu wani babba a sama da zai tsawata. Stone da Agbebi suka saɓa, Stone ya koma majami'ar farko a 1894, bayan David ya bar ƙasar, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1913, a hannunsa kuma ta cika ta tsaya da ƙafarta. Agbebi kuma ya fita daga Ebenezer a 1903 ya kafa Araromi. Sulhu bai tabbata ba sai a 1914, shekarar da Lugga ya haɗa Kudu da Arewa, sa'ad da wakilan ikkilisiyoyin mishan da na 'yan ƙasa suka taru a Badun suka kafa ƙungiya ɗaya. Wanda suka zaɓa shugaba na farko, Turawan mishan na zaune a wurin, shi ne Mojola Agbebi. A 1919 aka faɗaɗa sunanta ta zama Babban Taron Baftis na Nijeriya.

Arewar da Bowen ya yi marmari bai samu ba, ɗarikarsa ta shige ta daga baya ta hanyar da bai taɓa zato ba. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fatake da teloli da ma'aikatan reluwe na Yarabawa, musamman mutanen Ogbomosho, suka bazu a Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya da Jos da Kano. Gwamnatin Turawa tana taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna, amma ba ta da abin cewa ga ɗan kasuwa da ya tara 'yan garinsu a ɗakinsa na Sabon Gari ranar Lahadi. Da yake aƙidarsu ba ta bukatar izinin bishop kafin a kafa ikkilisiya, sai su yi karo-karo, su sayi kwano, su kafa rumfa, in sun yi ƙarfi su rubuta gida a aiko musu da fasto wanda za su biya da kansu. Haka kuma suka yi a Kumasi da Tamale ta ƙasar Gana. Da farko sujadar da Yarabanci ake yin ta, ta zama kamar ta baƙi zalla, sai da mutanen kudancin Zariya da na Filato da na wasu sassa suka shigo aka ga wajibcin horar da fastoci da Hausa, aka buɗe makarantar Kawo a Kaduna a 1948, daga baya aka yi asibiti a Kwantagora da sakandare a Jos.

Da yake riƙon ragamar Babban Taron na yau da kullum yana hannun babban sakatare ne, wannan muƙami ya ci gaba da zama a hannun Ba'amurke har bayan samun mulkin kai. Sai a 1964, shekara 76 bayan fitar 1888, aka damƙa shi ga ɗan ƙasa, Dokta J. T. Ayorinde, mutumin Abekuta, wanda kafin nan ya yi shekaru yana fasto a Majami'ar Baftis ta Farko ta Ikko.